MUJALLAR KYAUTA: IN MAWAƘI NE ZAI BIYA, KU CIRE SUNANA

Yau dai da rigima na zo, kuma ina roƙon duk wanda maganata ta taɓa ya daure ya karanta har ƙarshe kafin ya ɗauko mini sanda.

A zamanmu na ƙungiya na watan jiya wani ɗan uwa ya kawo shawarar da ta faranta wa kowa rai. Ya ce mu fara fitar da 'yar ƙaramar mujalla ta waƙa da kiɗa, a riƙa raba ta kyauta a situdiyo-situdiyo da shagunan aski da wajen masu tura waƙa a waya da makarantu, don a fito da sababbin mawaƙan da babu wanda ya san da su. Aka yi ta tafi, ni ma na tafa. Sai aka iso kan tambayar da ba ta da daɗin ji: wa zai biya maɗaba'a? Nan take aka ce ai wannan mai sauƙi ne. Duk mawaƙin da yake son a yi hira da shi ko a yi sharhin waƙarsa sai ya biya kuɗin shafi, mai son hotonsa a bango kuma ya biya ninki. A nan hannuna ya yi sanyi. Na ce in haka za a yi, a cire sunana. Wasu suka ce na cika kafiya. Wani dattijonmu da nake ganin girmansa ya ce, "Yaro, ai haka ake yi ko'ina a duniya." Na ce, "Allah ya ƙara girma Baba, wallahi ba haka ake yi ko'ina ba." Lokaci bai bar ni na kawo hujjata a wurin ba, shi ya sa na kawo ta nan.

Tun farko a fahimce ni. Ban zo yin fatawa kan kiɗa ba, wannan na malamai ne. Ba na kuma adawa da mujallar kyauta, hasali ma ina cikin masu ganin babu abin da ya kai ta amfani ga sabon mawaƙi. Matsayina ɗaya ne: mujallar kyauta tana ɗaga sabon mawaƙi ne saboda mai karatu ya yarda da hukuncin marubucinta. Ranar da mawaƙi ya fara sayen wannan hukunci, an gama da mujallar, an kuma cuci mawaƙin da aka ce za a taimaka.

Tunda an ce haka ake yi a duniya, bari mu je duniyar mu gani.

A birnin Seattle da ke arewa maso yammacin Amurka an yi wata mujallar kiɗa mai suna The Rocket. Ta fara fitowa a watan Oktoba na 1979, ta rufe a watan Oktoba na 2000, wato ta shekara 21. Takardar jarida ce mai araha, ana ajiye ta tsibi-tsibi a shagunan sayar da faifai da gidajen shan kofi da wuraren wasa, kowa ya ɗauka ya wuce ba tare da ya ba da ko sisi ba. A lokacin da ta fara, Seattle ba wani gari ba ne a harkar kiɗa. Manyan kamfanonin faifai suna New York da Los Angeles, manyan mujallu ma can suke, kuma ba su da lokacin yaran wani gari mai ruwan sama da ke can ƙuryar ƙasa.

Su a can, sabon mawaƙi yawanci ba shi kaɗai yake fitowa ba. Samari uku ko huɗu ne za su haɗu su kafa ƙungiya, wannan ya riƙe jita, wancan ganguna, wani ya yi waƙa, su yi ta atisaye a garejin gidan iyayensu. Irin wannan ƙungiya tana buƙatar abu uku kafin ta zama wani abu. Tana buƙatar hanyar da 'ya'yanta za su samu junansu, da hanyar da jama'a za su san ranar wasanta da wurin, da kuma wani mai kunne da zai saurara ya faɗa wa mutane ko aikin ya cancanci lokacinsu. Waɗannan ukun su ne The Rocket ta riƙa yi wa garinta.

Na farko, tana da shafin ƙananan sanarwoyi, inda mai jita ke neman mai ganga, mai ganga ke neman mawaƙi. A ƙarshen shekarun 1980 wani saurayi daga ƙaramin garin Aberdeen mai suna Kurt Cobain ya sa sanarwa a wannan shafi yana neman makaɗin ganga. Ƙungiyarsa ita ce aka sani da Nirvana. Don kada in yi ƙari, ba ta wannan sanarwa suka samu Dave Grohl ba, shi sai a 1990 ya shigo. Abin lura shi ne, yaron da ba shi da ko kwabo ya san inda zai kai kukansa 'yan garinsu su ji.

Na biyu, tana jera wasannin da za a yi, manya da ƙanana, har wanda mutum talatin ne kawai za su halarta. Na uku, wanda shi ne ƙashin bayan maganata, marubutanta suna zuwa waɗannan ƙananan wasanni da ƙafarsu, suna sauraron kaset ɗin da yara suka naɗa da kuɗin aljihunsu, su dawo su rubuta abin da suka ji. Wani sun yabe shi, wani sun ce masa da sauran aiki. Wani mutum mai suna Bruce Pavitt ya riƙe fili a cikinta daga 1983, yana sharhi kan faya-fayan ƙananan ƙungiyoyi daga sassan Amurka, sunan filin Sub Pop. Wannan suna shi ne ya koma kamfanin faifan da shi da Jonathan Poneman suka riƙe, kamfanin da ya fitar da ayyukan farko na Soundgarden da Mudhoney da Nirvana. Kundin Nirvana na farko, Bleach, ya fito a watan Yuni na 1989, kuma dala 606 da 'yan kai aka kashe wajen naɗarsa. Ko haruffan da aka rubuta sunan ƙungiyar da su, waɗanda yau ake gani a jikin riguna a duk duniya, mai tsara haruffa na The Rocket ne ya fitar da su. A ƙarshen 1989 mujallar ta sa Nirvana a bangonta. Nevermind, kundin da ya sa duniya ta san su, sai a watan Satumba na 1991 ya fito, a watan Janairu na 1992 kuma ya ture kundin Michael Jackson daga matsayi na ɗaya a jadawalin Billboard. Hausawa suka ce Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. To aikin marubucin kiɗa ke nan, ya gane ta tun Laraba. Ranar Juma'a kowa ma ya gani.

Yanzu ga tambayata ga masu cewa mawaƙi ya biya. Ƙungiyar da sai da wani ya ba da dala 606 kafin ta iya naɗar kundinta, da kuɗin bango ake karɓa, da me za ta biya? Da ɗan wani attajirin Seattle mai muryar agwagwa ne zai hau bangon wannan wata, na watan gaba ma haka. Masu karatu kuwa ba wawaye ba ne. Sau biyu za a yaudare su, su je wasan da aka kurara su tarar da shirme, a karo na uku su ɗauki mujallar su ƙunshe gyaɗa da ita.

To wa yake biya? Masu talla. Shagunan faifai, masu sayar da jita da ganguna, situdiyoyi, wuraren wasa, masu shirya wasanni da kamfanonin faifai. Abin da suke saye fili ne a jikin takarda, kusa da rubutun da matasa suke rububin karantawa. Lissafin a bayyane yake. Mai shago yana biya ne don idon matasa, matasa suna ɗaukar mujallar ne don sun yarda da marubutanta, marubutan kuma an yarda da su ne don an san ba a sayen bakinsu. Duk wanda ya zare na ƙarshen nan, sauran biyun za su zube. Wannan tsari ba a Seattle kaɗai ya yi aiki ba. A Melbourne ta Ostireliya akwai Beat tun 1986, a Kanada akwai Exclaim! tun farkon shekarun 1990, a Birtaniya an yi The Stool Pigeon daga 2005 zuwa 2013. Duk kyauta ake raba su, duk kuma da talla suka rayu.

Na san abin da za a ce da ni. Za a ce shi ma mai tallar ai ubangida ne, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Wannan gaskiya ce, ba zan musa ba, kuma ina da misalai biyu da suka fi na masu suka ta ƙarfi.

Na farko NME ta Birtaniya. An kafa ta a 1952, ita ce ta fara buga jadawalin waƙoƙin da suka fi kasuwa a ƙasar, kuma ta shafe shekaru da dama ana sayenta da kuɗi ana jin tsoron alƙalaminta. Ƙungiyoyi da yawa daga shafukanta aka fara jin sunansu. Da intanet ya zo, kasuwarta ta riƙa faɗuwa har ta koma kwafi kusan 15,000 a mako. A watan Satumba na 2015 masu ita suka mayar da ita ta kyauta, suka riƙa raba kwafi 300,000 a tashoshin jirgin ƙasa da jami'o'i da shaguna. Wa aka sa a bangon fitowar farko? Rihanna. Ba a jima ba Justin Bieber ya biyo baya. Mutanen da ko a lokacin babu lungun da ba a san su ba. Ban ce ta daina rubutu kan sababbi kwata-kwata ba, amma wanda yake son manyan kamfanoni su ba shi talla don ya kai wa mutum 300,000, dole ya sa fuskar da mutum 300,000 suka riga suka sani. A watan Maris na 2018 ta daina fitowa a takarda duk mako, bayan shekara 66, masu ita suka ce tsadar ɗab'i da ƙarancin talla ne. Shekara biyu da rabi kacal kyautar ta yi. Darasin nan shi ne, cire farashi daga bango ba ya mayar da mujalla ta zama ta sababbin mawaƙa. Rocket garinta take yi wa magana, ita kuwa NME ta kyauta kowa take nema, ta ƙare ba ta riƙe kowa ba.

Na biyu The Fly, ita ma ta Birtaniya. An fara ta a 1999 a matsayin takardar jera wasannin wani wurin wasa mai suna Barfly a Landan, ta girma ta zama mujallar wata-wata mai girman shiga aljihu, wadda aka san ta da bibiyar sababbin ƙungiyoyi. Amma babbar hanyar rabonta shagunan faifai na HMV ce. Da HMV ya shiga matsalar bashi a watan Janairu na 2013 aka rufe shagunansa da yawa, mujallar ta rasa inda za ta zauna, a 2014 ta rufe. Wanda ya jingina da bango ɗaya, ranar da bangon ya faɗi tare za su tafi. Ita ma The Rocket haka ta ƙare, bayan ta bar hannun editanta Charles Cross ta shiga hannun masu kamfani daga wasu garuruwa, aka wayi gari babu ita. Wata kuma mai suna Loud and Quiet, wadda ta shekara goma sha biyar ana raba ta kyauta, da annobar korona ta rufe wuraren wasa a 2020 talla ta ƙafe, sai ta koma roƙon masu karatu su riƙa biyan kuɗin rajista.

Don haka na yarda, talla tana da haɗari, kuma mujallar kyauta ba ta da tabbacin tsawon rai. Amma ku dubi abin da ya kashe waɗannan. Dogaro da ubangida ɗaya ne, ko kwaɗayin manyan masu talla, ko kuma karyewar kasuwa. Maganin wannan shi ne a yawaita ƙananan masu talla, yadda in ɗaya ya yi fushi sauran tara za su riƙe ka. Ta yaya za a ce maganinsa shi ne a mayar da wanda ake yi wa sharhi ya zama shi ne ubangidan? Mai shagon waya da ya sa talla a shafi na shida babu ruwansa da ko na ce amshin waƙar wane bai zauna ba. Shi kuwa wane ɗin, in shi ya biya kuɗin shafin, da wane baki zan gaya masa? Wannan gudun gara ne a faɗa gidan zago.

Za a kuma ce, ai ko Sub Pop ɗin da kake yabo sai da suka kashe kuɗi a kan ɗan jarida. Haka ne. A 1989 sun biya wa Everett True na mujallar Melody Maker kuɗin jirgi daga Ingila zuwa Seattle don ya zo ya gani ya rubuta, kuma rubutunsa ya taimaka wajen sanar da Turai abin da ke faruwa. Ban ce wannan tsarki ne ba. Amma da ya sauka, me ya tarar? Ya tarar da gari mai ƙungiyoyi da suka goge, da masu sauraro da suka san mai kyau da marar kyau, abin da aka shekara goma ana ginawa, The Rocket tana cikin maginan. Kuɗin jirgi sun kawo shi ya gani, ba su ƙirƙiri abin da ya gani ba. Mu kuwa so ake mu fara da sayar da yabo alhali ba mu gina komai ba.

Wannan ciniki na biya a yabe ka ba sabo ba ne, Amurkawa sun sha fama da shi a gidajen rediyo. A ƙarshen shekarun 1950 ta bayyana cewa kamfanonin faifai suna cusa wa masu gabatar da shirye-shirye kuɗi a ɓoye don su riƙa sa waƙoƙinsu kamar su suka zaɓa. Majalisar dokokin ƙasar ta yi zama a kai. Alan Freed, ɗaya daga cikin mashahuran masu gabatarwa na zamanin, ya rasa aikinsa a 1959. A 1960 aka gyara doka, aka ce duk abin da aka biya kuɗi aka sa a iska dole a sanar da mai sauraro cewa biya aka yi. Ku lura da inda dokar ta sa yatsa. Laifin yana wajen ɓoyewa, wajen sa wa talla rigar ra'ayi.

Mu Hausawa ma mun san bambancin nan tun kaka da kakanni. Muna da maroƙa da 'yan ma'abba da sanƙirori. Sana'a ce mai tarihi, kuma babu yaudara a cikinta, don duk wanda ke wurin biki ya san an ba maroƙi kuɗi ne yake wasa wane. Babu mai ɗaukar kirarinsa ya je ya ba da auren 'yarsa a kai. Amma wanda ya riƙe alƙalami ya rubuta "sharhi" a saman shafi, alƙawari ya ɗaukar wa mai karatu cewa abin da kunnensa ya ji zai faɗa. In aikin sanƙira muke so mu yi, mu fito fili mu ce mu sanƙirori ne, ba abin kunya ba ne. Abin kunyar shi ne mutum ya zauna a kujerar alƙali da aljihun maroƙi.

Akwai masu cewa duk wannan surutu ne na tsohon yayi, ai yanzu TikTok da YouTube da Audiomack sun gama da mujalla, yaro zai ɗora waƙarsa yau gobe duniya ta ji. To, in haka ne, me ya sa kowannenmu ya san mawaƙi mai basira a unguwarsu da waƙarsa ta shekara a intanet ba ta samu masu sauraro ɗari biyu ba? Ɗora waƙa ya zama abu mai sauƙi, a ji ta ne ya zama wuya. Tsarin waɗannan manhajoji abin da ya riga ya fara tashe yake ƙara turawa gaba, ko kuma abin da aka biya kuɗi a tura. Ba ya hawa adaidaita ya je situdiyon bayan layi ya zauna awa biyu yana sauraron yaron da ba shi da mabiya. Ba zai iya gaya maka cewa wannan baiti an yi masa amsa-amo na dole ba, ko cewa muryar yarinyar nan ta fi kiɗan da aka ɗora mata. Wannan aikin mutum ne mai kunne da alƙalami. Yawan waƙoƙi ma shi ya ƙara sa ake buƙatar mai tacewa. Ni ba takarda nake bauta wa ba. A fitar da mujallar a takarda ko a tura ta a waya, duk ɗaya ne a wurina, muddin hukuncin da ke ciki ba na sayarwa ba ne.

Sai hujjar da ta fi taɓa ni, don daga bakin abokina ta fito. Ya ce mawaƙi yana biyan mai situdiyo, yana biyan mai ɗaukar bidiyo, yana biyan mai hoto, sai mu marubuta ne za mu yi aikin Allah-ya-ba-ka-lada? Na ce masa ina tare da kai, marubuci ya cancanci haƙƙinsa, ni ma ba iska nake ci ba. Amma mai situdiyo mawaƙi yake yi wa aiki, shi ya sa mawaƙi ke biyansa. Marubucin sharhi kuwa mai karatu yake yi wa aiki. Mujalla ce za ta biya shi daga kuɗin talla, ko da na mota ne da na kati. Dillalin da yake karɓar la'ada a ɓoye wurin mai saniya alhali mai saye ne ya aiko shi ya duba masa lafiyarta, kun san sunansa a kasuwa.

Bari in juyo kanmu, mu masu son zama marubuta, don akwai ribar da ba mu lissafa ba. Irin waɗannan mujallu ba mawaƙa kaɗai suke renon ba, har da marubuta. Robert Ferrigno, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa The Rocket, ya zama sanannen marubucin ƙagaggun labarai. Ann Powers tana yarinya ta fara rubutu a cikinta, daga baya ta zama mai sharhin kiɗa a New York Times da Los Angeles Times. Matt Groening ya yi mata zane kafin duniya ta san The Simpsons. Charles Cross kuma shi ya rubuta tarihin Kurt Cobain, Heavier Than Heaven, a 2001. Me suka koya a wurin? Su bayyana sauti da kalmomi, su kafa hujja a kan ra'ayinsu, su cika alƙawarin ranar miƙa aiki, su faɗa wa mutumin da za su haɗu da shi gobe a titi cewa aikinsa bai yi ba, kuma su faɗa cikin adalci. Wanda aka biya ya yi yabo ba ya koyon ko ɗaya daga ciki. Kalmomi biyar za su ishe shi har ya tsufa: fasihi, haziƙi, gwarzo, shahararre, tauraro. Mu faɗa wa kanmu gaskiya, wannan ciwo yana cikin harkar littattafanmu ma. Littafi nawa aka yi wa sharhi a cikinmu aka wuce "Allah ya ƙara basira"?

Akwai kuma maganar tarihi. Yau duk mai son sanin yadda kiɗan Seattle ya taso, tsofaffin fitowar The Rocket zai buɗe, ya ga wa ya yi wasa da wa, a ina, a wane wata, kuma me aka ce a kansu kafin su yi suna. Mu fa? Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, babban littafin tarihinsa, Shata Ikon Allah, sai a 2006 ya fito. Duk wanda ya taɓa neman labarin farkon tashin wani makaɗin Hausa ya san sai ya bi tsofaffi gida-gida, wannan ya ce kaza, wancan ya ce ba haka ba. Mujallar Fim da Ibrahim Sheme ya kafa a 1999, duk da sayenta ake yi, ta nuna mana amfanin a riƙa rubuta abu a lokacin da yake faruwa, don yau mai binciken farkon finafinan Hausa ba zai iya tsallake ta ba. To in muka cika tamu mujallar da yabon da aka saya, wane tarihi muka bar wa na baya? Jerin sunayen waɗanda suke da kuɗin shafi a wancan watan.

Ga abin da nake ba da shawara, don kada a ce na rushe ban gina ba. Mu fara da ƙarami, ko shafi takwas ne, gari ɗaya, kwafin da za mu iya biya. Mu bi ƙananan 'yan kasuwa da matasa ke hulɗa da su, masu sayar da waya da masu gyaranta, teloli, masu shagon kaya, masu hayar kayan sauti, makarantun koyon kwamfuta, kowa ya kawo ɗan abin da ya sawwaƙa, kada mu bari mutum ɗaya ya riƙe mana wuya. Mawaƙi ko situdiyo da ke son talla ƙofa a buɗe take, ya sayi filinsa a rubuta TALLA ɓaro-ɓaro a samansa, amma ya sani wannan ba zai sa a yi masa sharhi ba, ba kuma zai hana a soke shi ba. Mai karɓo kuɗin talla daban, mai zaɓen wanda za a rubuta a kansa daban. Bango ba na sayarwa ba ne ko nawa aka taya. Shafin sanarwar wasanni da na mai neman makaɗi ko mai neman marubucin waƙa ya zama kyauta ga kowa. Kada marubuci ya yi sharhin aikin ɗan uwansa ko na situdiyon da yake ci a ciki. In kuɗin ba su kai na takarda ba, mu fara da turawa a waya har Allah ya hore. Mai yiwuwa mu yi fitowa shida mu tsaya. Na gwammace shida da za a ajiye a riƙa komawa gare su, da sittin da za a ƙunshe ƙosai da su.

A 1939 da aka kafa jaridar Hausa a Zariya, wadda Abubakar Imam ya yi wa edita, kwabo ake sayenta, aka kuma raɗa mata suna Gaskiya Ta Fi Kwabo. Mu namu ma ya fi sauƙi, ko kwabon ba za mu karɓa a hannun mai karatu ba. To in mun yafe masa kwabon, kada mu haɗa da gaskiyar mu hana shi.

Baba da ya ce haka ake yi ko'ina, ina neman afuwa in harshena ya yi kaifi, ga hujjata nan na ajiye a gabanka. 'Yan uwa, wanda yake ganin na kuskure ya kawo tasa, kunnena a buɗe yake. Amma har zuwa lokacin, ina nan kan bakana. In mai talla ne zai biya, ku sa sunana a farkon masu zuwa situdiyo da biro da takarda. In mawaƙi ne zai biya, ku cire shi.

Allah ya sa mu dace. Sai mako mai zuwa in muna da rabon ganawa.